Tambayi Likita: HIV kala-kala da masu allurar maye

Tambaya: Likita barka da aiki, wai da gaske ne ƙwayar HIV ba iri ɗaya bace?

Amsa: Da gaske ne ɗan'uwa. Akwai HIV-1 da HIV-2, ita HIV-1 da tafi yaɗuwa ta kasu kashi-kashi, A, B, C, D da sauransu, saboda duk sanda take hayayyafa a jiki tana yawan kuskure wajen kwafar kanta kuma bata gyarawa.

Tambaya: Ƙanina yana allurar maye, shi da abokinsa duk suna da cutar, wai sunce ba komai in sunyi amfani da sirinji ɗaya tunda duk kanwar ja ce. Haka ne likita?

Amsa: A'a 'yar'uwa, wannan maganar tana damuna sosai. Mai HIV zai iya sake kamuwa da wani nau'in daban, kuma sirinji jini yake kaiwa kai tsaye cikin jijiya, to idan nau'i biyu suka haɗu a ƙwayar halitta ɗaya sai ƙwayar cutar ta ɗebi wani sashe daga wannan wani daga wancan, a samu sabon nau'i ruwa biyu. Ba hasashe bane, ya faru. A Kaliningrad ta Rasha wajen 1996 nau'in A da B suka haɗu aka samu sabon nau'i mai suna CRF03_AB ya bazu cikin masu allura, a China ma B da C suka haifar da CRF07_BC da CRF08_BC suka bi hanyoyin safarar miyagun ƙwayoyi daga Yunnan har Xinjiang da Guangxi. Abin tsoro ga ƙaninki shine nau'in abokin zai iya zama wanda ya riga ya bijire wa magani, ga kuma ciwon hanta na C da sirinji ke yaɗawa fiye da HIV ɗin ma. Kada ki kore shi ko ki tozarta shi, ki lallaɓa shi ki kaishi asibiti, sabon sirinji duk lokaci, sannan akwai magani irin methadone dake taimakawa a bar allurar.

Tambaya: To Dakta maganin ARV da masu HIV ke sha yana aiki kan waɗannan ruwa biyun?

Amsa: Yana aiki malam, gwajin yanzu ma yana gano su. Allurar rigakafi ce wannan yawan canzawar ya wahalar da samunta. Kasha maganinka kullum, wanda kuma allurar wani ta soke shi ya nemi PEP, wato maganin da ke hana cutar kama mutum bayan irin haka ta faru, kafin awa 72.