Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna kan batun haidirojin

Wani mai ɗakin sanyi a kasuwar Mile 12 ya aiko da tambaya. Dizal na cinye masa riba, sai ga wasu matasa da tayin hannun jari: za su kafa injinan samar da lantarki daga iska a bakin tekun Legas, su samar da haidirojin (wani gas ne da ake iya mayarwa wutar lantarki), su adana, shi kuma ya samu wuta da riba. Ya shiga ko ya haƙura?

Alhaji, fasahar gaskiya ce. Fanka ke juyawa ta ba da lantarki, lantarkin ya raba ruwa gida biyu, haidirojin da oksijin. Lissafin ne bai fita ba. Kilo ɗaya na haidirojin yana cin wuta kusan yunit 50 zuwa 55, da tataccen ruwa aƙalla lita 9. Kafin ka adana shi sai an matse shi a tankuna na musamman masu tsadar gaske, ko a sanyaya shi zuwa digiri 253 ƙasa da sifili. In ka mayar da shi wuta, abin da zai dawo hannunka bai fi kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ba, alhali batirin litiyam yana mayar maka da kusan 90. Kamar ka loda kwando goma na tumatir daga Kano ne, a sauke maka huɗu.

Ga kuma iskar kanta. Ta Legas ba ta kai ta Arewa ƙarfi ba, kuma idan gudunta ya ragu da rabi, wutar takan koma kashi ɗaya cikin takwas. Ko tashar lantarki ta iska da ke Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10, ta ɗauki shekaru fiye da goma ana fama da ita, kuma aikin gwamnati ne.

Wa zai sayi haidirojin ɗin ma? Masana'antar takin Ɗangote da ke Lekki daga iskar gas take samun nata haidirojin, wanda ya fi araha nesa ba kusa ba.

In matasan sun dawo, ka nemi rajistarsu ta SEC, hukumar kula da hannayen jari, don takardar rajistar kamfani ta CAC kaɗai ba ta ba su izinin karɓar jarin jama'a ba. Su nuna maka awon iskar wurin na shekara guda, da yarjejeniyar mai saye a rubuce. In suka fara kame-kame, ka sallame su da girma.

Damuwarka dizal ce. Tattaro rasit ɗin man wata shida, ka sa masu haɗa sola biyu ko uku su yi maka farashin faranti da batir daidai da nauyin injin sanyinka, ka ga a wata nawa kuɗin zai dawo.