Mutuwar inji ce ke kayar da ƙananan jirage?

Tambaya: Malam, ƙanena yana koyon tuƙin ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya, hankalina ya ƙi kwanciya. Idan injin ya mutu, shi ke nan?

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Jirgin da injinsa ya mutu ba ya faɗowa kamar dutse, yana iya shawagi har matuƙi ya sami fili ya sauka. Binciken haɗurra ya fi ɗora laifi a kan matuƙa.

Abin da ni na fi tsoro shi ne gajimare da duhu. Wanda bai ƙware wajen tuƙi da agogunan gabansa masu nuna tsayi da karkatar jirgi ba, da zarar ƙasa ta ɓace masa, kunnensa na ciki, mai sanar da mutum ko ya karkace, sai ya yaudare shi: jirgi ya karkace yana gangarawa, shi kuwa yana jin daidai yake tafiya. Haka ta faru da ɗan tsohon shugaban Amurka Kennedy a 1999, cikin dare a kan teku, a jirgi samfurin Piper Saratoga.

Sai ƙarewar mai, abin haushi, wani lokacin ɗayan tankin cike yake, juya makunni kawai aka manta. Akwai kuma rage gudu fiye da kima wajen kwanar sauka, inda fiffike ke daina ɗaukar jirgin alhali ƙasa na kusa.