Filin Harshe: Tsakanin “scorch”, “singe” da sauran kalmomin ƙuna na Ingilishi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A wata tsohuwar takardar jarrabawa an ce a cike gurbi a jimlar “The hot iron ___ my shirt”. Na sa “burnt”, malaminmu ya ce “scorched” ce ta fi dacewa. Ashe ba duk ƙuna ba ce? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Duk ƙuna ce, kuma jimlarki ba ta saɓa nahawu ba, amma malaminku ya fi ki kusa da gaskiya. “Burn” ita ce uwa, tana ɗaukar komai, daga yatsan da ya taɓa murfin tukunya har gidan da ya ƙone ƙurmus. Ita kuwa “scorch” ƙunar sama-sama ce: zafi ya taɓa fuskar abu, ya sauya masa launi zuwa ruwan ƙasa ko ɗorawa, ko ya busar da shi ya yanƙwane, amma bai cinye shi ba. Rigar tana nan, ba ta huje ba, sai dai shatin dutsen guga ya fito a bayanta. Da ta huje, da “burnt a hole” za a ce.

Ki lura ba sai da harshen wuta ake samun wannan ƙuna ba. Ranar bazara tana yi wa ganye, takin zamani idan ya yi yawa ko ya taɓa jikin shuka yana yi, shi ya sa malaman gona ke kiran bushewar gefen ganye “leaf scorch”. Haka shinkafar da ta kama a gindin tukunya “scorched rice” ce, wato ƙanzo, kalmar da har a Ghana ake amfani da ita.

Ana furta ta “skoc”, gaɓa ɗaya, da wasali mai ja. Turawan Ingila ba sa furta “r” ɗin, na Amurka suna furtawa. Kuskurenmu shi ne cusa wasali a gaba, mu ce “sikoc”. A rubutu kuma kada ki manta da “es” a “scorches”.

Kalmar ta tsufa. An ga wata siga tata a rubutun Ingilishi na ƙarshen ƙarni na 12. Masana da yawa suna danganta ta da “skorpna” ta tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, mai ma'anar yanƙwanewa, wasu kuma suna ganin tasirin “escorchier” ta tsohon Faransanci, wato feɗe fata. Ta farkon ta fi kama hankali, domin abin da zafi ke yi wa ganye ke nan. Daga “scorch” aka samu “scorcher”, ranar da zafi ya kai intaha, ko ƙwallon da aka buga da ƙarfin gaske. Sai “scorched earth”, dabarar yaƙi ta ƙone gonaki da rumbuna don kada abokin gaba ya sami abin ci. Wannan ta shiga Ingilishi a 1937, fassara ce daga Sinanci lokacin yaƙin Sin da Japan.

Tambaya: Malam, yaya ake cewa babbaka da Turanci? Ina so in rubuta wa wani abokin ciniki yadda muke gyara kai da ƙafa. Daga wani mahauci a Jos.

Amsa: Malam, kalmarka “singe” ce, kuma da wuya a sami kalmar Ingilishi da ta zauna daram a kan ta Hausa kamar wannan. Ma'anarta wuta ta lashi gashi ko gashin tsuntsu ko bakin zare, ta ƙone su, ta bar abin da ke ƙarƙashi. Sai ka rubuta: “We singe the head and legs over a wood fire, then scrape and wash them.” Bambancinta da “scorch” shi ne ita tana cin abin da ya tsiro a saman fata, waccan kuwa fuskar abin take sauyawa. Girar da wutar risho ta lasa, “singed” za a ce, kuma ƙaurin da ke biyo baya shi ne shaida.

Wurin furuci ne mutane ke faɗuwa. “Sinj” ake cewa, ba “singi” ba, ba kuma “sing” ta waƙa ba. Idan aikin ya wuce, “singed”, a furta “sinjd”. Idan ana cikin yi, “singeing”, da “e” ɗinta a ciki. Yawancin kalmomi irinta suna zubar da wannan harafi, ita ta riƙe nata, domin in ta sake shi ta koma “singing”, sai wasiƙarka ta ce kuna rera wa kan rago waƙa.

Asalinta “sengan” ta tsohon Ingilishi, 'yar'uwar “sengen” ta Jamusanci. A masaƙa ma ana amfani da ita: akan wuce da yadi da sauri ta kan harshen wutar gas don a ƙone burtsatsin zare kafin rini. Akwai kuma wata magana da ta shahara a tarihin Ingila. A watan Afrilu na 1587 Francis Drake, wani kwamandan jiragen ruwan Ingila, ya kai hari tashar jiragen ruwa ta Kadis a Sifen, ya ƙone jirage masu yawa, aka kira abin babbake gemun sarkin Sifen. Zaɓen kalmar ya yi daidai, domin gemu ya ƙone amma sarki na nan, rundunar jiragensa kuma ta taso wa Ingila a 1588.

Tun da wasiƙar ciniki ce, ka bayyana cewa da itace kuke yi. Babbaka da tayar mota tana barin guba a jikin nama da ganda, ya kamata a bar ta gaba ɗaya.

Tambaya: Ranka ya daɗe, a jikin wata riga an rubuta “may scorch” kusa da hoton dutsen guga mai ɗigo biyu. Me ake nufi, kuma tabon yana fita? Daga mai wanki da guga a Kano.

Amsa: Gargaɗi ne cewa zafi zai iya bar mata tabo. Ɗigon kuma ma'aunin zafi ne: ɗaya kimanin digiri 110 a ma'aunin Salsiyos, na yadin roba, biyu kimanin 150, na ulu da makamantansa, uku kimanin 200, na auduga da lilin. Dutsen gawayi ba shi da ma'auni, don haka ka gwada shi a kan farin tsumma tukuna, sannan ka shimfiɗa ƙyalle mai ɗan laima tsakaninsa da rigar.

Fitar tabo ya danganta da abin da ya ƙone. Sau da yawa a kan shadda sitaci ne ya soyu, zaren bai taɓu ba, wannan jiƙawa da sake wanki suna fitar da shi. Idan farar auduga ce kuma tabon ruwan ɗorawa ne, ka shafa ruwan haidurojin na kemis, wato “hydrogen peroxide”, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, ka bar shi 'yan mintoci, ka ɗauraye. Kada ka sa shi a yadi mai launi, zai koɗe. Idan tabon ya yi duhu har zaren yana karyewa, ya wuce gyara. Yadin roba kuwa narkewa yake yi ya bar ƙyalli, Bature “melt” zai ce, kuma ba ya komawa.

Tambaya: Malam, a littattafan girki ina ganin “sear the meat”, wani lokaci “charred”. Ɗaya ne? Daga wata uwargida a Maraɗi.

Amsa: Ba ɗaya ba ne, Hajiya. “Sear”, a furta “siya”, shi ne a ɗora nama a kan kasko mai zafi sosai na minti 2 zuwa 3 kowane gefe, bayansa ya yi ja ya yi ƙamshi, cikinsa bai dahu ba. Asalinta tsohuwar kalma ce mai nufin bushewa, ana kuma amfani da ita ga lalas. Launin da ƙamshin suna fitowa ne idan zafi ya kai wajen digiri 140, abin da masanin kimiyya Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912. Idan naman jiƙe yake ko an cika kasko, ruwa zai fito, zafi ya tsaya a 100, sai ya dahu fari fat. Ki tsane shi da ƙyalle, ki riƙa sawa kaɗan-kaɗan. Wasu littattafan za su ce wannan yana kulle romo a cikin nama. Ba haka ba ne, ɗanɗano kawai yake ƙarawa.

“Char” kuwa an yanko ta ne daga “charcoal”, wato gawayi: gefen abu ya yi baƙi ƙirin, kamar tsiren da aka manta a bakin tukuba.

Tambaya: Idan ruwan zafi ne ya zuba wa yaro, “scorch” za a ce wa likita? Daga wani magidanci a Gusau.

Amsa: A'a, Alhaji, “scald” za ka ce. Ita ce ƙunar ruwan zafi ko tururi ko kunu, tushenta kalmar Latin mai nufin zafi, kuma “skold” ake furta ta da wasali mai ja. Amma kafin a kai ga likita, a cire rigar da ta jiƙe in ba ta manne ba, a yi ta kwarara ruwa mai sanyi a wurin har minti 20. Kada a sa ƙanƙara, ko ƙwai, ko manja, ko man goge baki, kada kuma a fasa bororo. Idan ƙunar ta fi faɗin tafin hannun yaron, ko tana fuska, hannu ko al'aura, a rufe ta da ƙyalle mai tsabta a wuce asibiti nan take.