A ɓoye takobin gem kamar yadda ake ɓoye masara?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Tudun Hatsi, Gombe. Ƙanena yana buga wani gem a intanet, ya matsa min in ba shi naira dubu 400 ya sayi takubba da sulke na cikin gem ɗin ya ajiye. Wai nan da wata shida za su yi tsada, kamar yadda muke sayen masara da kaka mu sayar da bazara. Ya nuna min a waya farashinsu yana ta hawa. In ba shi?

Amsa: Alhaji, yaron ya yi tunani irin na 'yan kasuwa, amma kai da kanka ka san abin da ke ɗaga masara da bazara: ci ake yi. Buhun da ya shiga tukunya ya tafi ke nan, kuma sabo mai yawa ba ya fitowa sai damina ta zagayo. To ka tambaye shi, shi takobin nan yana karyewa? In ba ya karyewa, kuma kullum wasu na samun irinsa, kaya ne da ke ƙaruwa ba ya raguwa.

Hawan farashin da ya nuna maka ma abin dubawa ne. A irin waɗannan wasanni dodon da aka kashe kuɗin gem yake zubarwa, kuɗin da babu su a baya, ba daga aljihun kowa suka fito ba. Dubban mutane na yin haka dare da rana, ga masu saita kwamfuta ta buga musu suna barci. Kuɗi ya yi yawa, sai komai ya hau. Ba lallai takobin ne ya ƙara daraja ba, mai yiwuwa kuɗin gem ɗin ne ya lalace. Ka ga irinsa a 2024, da hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙasar nan: ka sayar da buhu da tsada ka yi murna, ka je saro wani ka tarar ribar ta narke.

Kamfanonin da suka san aikinsu magudana suke haƙa wa kuɗin. Gem ɗin World of Warcraft yana cire kashi 5 cikin ɗari daga abin da aka sayar a kasuwar gwanjonsa, ga kuɗin gyaran makamai, duk su ɓace ba su koma hannun kowa ba. Wani gem, Old School RuneScape, ya sa harajin kashi 1 cikin ɗari a kan cinikin kasuwarsa a Disambar 2021, yana amfani da wani ɓangare ya saye wasu kaya masu tsada ya shafe su, don dai su yi ƙaranci. Wanda ya fi burge ni shi ne gem ɗin EVE Online. A can in aka harbe jirginka na sararin samaniya ya tarwatse, ya tafi, sai ka sayi wani. A Janairun 2014 an gwabza yaƙi guda da ya ci manyan jirage 75, aka ƙiyasta asarar da kusan dala dubu 300. Masu jiragen sun yi kuka, amma masu haƙar ma'adinai da maƙera da masu dako na cikin gem ɗin kasuwarsu ta buɗe. Kamfanin ya ɗauki abin da gaske har ya ɗauki masanin tattalin arziki aiki a 2007.

Inda magudanar ta toshe kuwa, ga gem ɗin Axie Infinity. A 2021 mutane a Filifin suna cin abinci da shi. Kuɗinsa, SLP, ya haura santi 30 na dala a tsakiyar shekarar, a 2022 ya faɗo ƙasa da santi 1, domin masu tara shi sun fi masu kashe shi yawa nesa ba kusa ba. Ba sai na tuna maka Hamster Kombat ba, da yaranmu suka yi watanni suna danna waya suna jiran ta fashe, aka raba kuɗin gem ɗin a Satumbar 2024, da yawa abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba.

Sai abin da ya fi damuna. Masararka tana sitonka, makulli na aljihunka. Takobin yana kwamfutar kamfani. A dare ɗaya za su iya sauƙaƙa samunsa ko su fito da wanda ya fi shi. Kuma yawancin waɗannan kamfanoni sun hana sayar da kayan gem da kuɗin gaske. In suka gano, rufe akawun suke yi da duk abin da ke ciki, ba sarkin kasuwar da za ka kai wa ƙara.

Ni dai ba zan ce ka ba shi dubu 400 ba. In yana son gwada kansa, ya juya abin da ya tara a cikin gem ɗin, kuma ya bar takubba ya kama kayan da ake cinyewa kullum: abinci, kibau, magunguna. Ya riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, har da kuɗin data da caji, na wata uku. In ya kawo littafin, ku zauna a shago ku lissafa shi da naira.