Ga mai son fara golf a Abuja: kar ka fara da sayen sanduna

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce aiki ya dawo da kai Abuja daga Jos, manyan ofis ɗinku duk golf suke bugawa kai ma abin ya fara shiga ranka, kana tambaya ko ka sa a kawo maka sabbin sanduna cikakkiyar jaka daga Dubai, wane fili ya fi, kuma ta yaya mutum yake shiga gasa. To bari in faɗi nawa, ni ba ƙwararre ba ne, ɗan bugun Asabar da Lahadi ne kawai, amma na daɗe a ciki, a Jos na koya kuma yanzu rabin wasana a Abuja nake yi.

Maganar Dubai ɗin nan ka ajiye ta tukuna. Wallahi ka ajiye. Wanda bai taɓa riƙe sanda ba bai san irin wadda ta dace da jikinsa ba, tsayinka da saurin hannunka su ne za su nuna ko sanda mai ɗan lanƙwasa kake buƙata ko mai tauri, kuma wannan ba ya fitowa sai ka yi watanni kana bugu. Na sha ganin mutane sun shigo da jaka mai tsada fal da sanduna irin na ƙwararru, masu siririn kai waɗanda in ba ka daki ƙwallo a daidai tsakiya ba hannunka ne zai yi zugi ita kuma ta gangara nan gabanka, bayan ɗan lokaci sai ka ga jakar a but ɗin mota tana shan ƙura. Doka ta ce kada jakarka ta wuce sanda 14, amma ba ta ce dole sai sun kai 14 ba. Sabon shiga bakwai ko takwas sun ishe shi: ayon (sanda mai kan ƙarfe) lamba 7 da lamba 9, haibirid guda ɗaya a madadin dogayen ayon ɗin nan 3 da 4 da ke wahalar da kowa, weji biyu wato na ɗaga ƙwallo kusa da rami da na fita daga yashi, fota ta gangarawa cikin rami, sai wud (sandar bugun nesa mai dunƙulallen kai) lamba 3 ko 5. Direba, wato sandar da ta fi kowace kai ƙwallo nesa, ita ma ba dole ba ce a farko, duk da na san ba za ka ji wannan ba, kowa direba yake so saboda ƙararta da nisanta. In za ka saya ka nemi mai kwanciyar fuska digiri 10.5 ko 12, kar wani ya sayar maka da mai 9 don wai ita manya ke riƙewa.

Gwanjo za ka nema. A kowane kulob akwai wanda ya canja sanduna yana neman mai sayen tsofaffin, kuma ayon na Ping ko Callaway ko TaylorMade mai faffaɗan kai da rami a baya ko ya shekara goma yana nan garau, abin da ke lalacewa robar mariƙi ce, ita kuma ana canja ta da kuɗi kaɗan. Sai dai ka yi hattara da jabu, sun cika intanet, fenti da suna duk daidai amma nauyin ba ɗaya ba. Kar ka biya sai mai koyarwa na kulob ya riƙe ya gwada a gabanka. Ƙwallo kuwa ka manta da Pro V1 na Titleist yanzu, mai kyau ce ba musu, amma wanda zai zubar da biyar shida a ruwa da daji a zagaye ɗaya na rami 18 me zai yi da ita? Yaran da ke tsintowa suna sayar da na hannu, ka cika aljihu da su.

Kuɗin da ka rage ka kai wa mai koyarwa. Nan ne kuɗi ke aiki. Riƙon sanda, tsayuwa, da yadda za ka juya ƙugu maimakon ka sara da hannu, in ka koye su a karkace za ka shekara kana fama da ƙwallo mai tashi ta yi kwana dama ta faɗa daji, kuma abokai ba sa gyara wannan, kowa da tasa shawarar, wannan ya ce sunkuyar da kai wancan ya ce buɗe ƙafa har ka rikice gaba ɗaya. Mutum ɗaya za ka bi. Ka yi ta zuwa filin atisaye kafin ka hau fili na gaske, don in ka hau kana bugu goma sha a rami ɗaya na bayanka za su tsane ka ko ba su faɗa ba.

Yanzu fili. Tunda kai ɗan Jos ne abin mamaki ne ka bar Rayfield a bayan gidanka sai da ka zo Abuja golf ya burge ka, amma haka muke. Rayfield tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza, shi ya sa ake kiransa mafi tsufa a ƙasar nan, ga kuma Lamingo ta wajen duwatsun Shere. Abin da ya bambanta bugun Jos da na ko'ina shi ne tudu. Garin yana sama da teku da kusan mita 1,200, iska ba ta da kauri, ƙwallo tana tafiya nesa fiye da yadda za ta yi a ƙasa, in kuma hunturu ya shigo ƙasa ta bushe ƙaƙas sai ta sauka ta yi ta gudu. Shi ya sa ɗan Jos in ya sauko Abuja da farko duk bugunsa gajere yake zama, ayon 7 ɗin da ya saba kai shi yadi 150 sai ta sauke shi a gaban girin (ciyawa mai laushi da ke kewaye da rami) ko cikin ruwa, sai ya koma ɗaukar sandar da ta fi ta nisa da lamba ɗaya kafin ya daidaita.

Ni a kan burawun na koyi gangarawa, kamar yawancin waɗanda suka fara a filayen Arewa a da. Ga wanda bai sani ba, maimakon ciyawa mai laushi a kewayen rami, yashi ne ake cuɗawa da baƙin mai a baje a daddaɓe, saboda riƙe ciyawa kore a rani yana cin ruwa da kuɗi. Kafin ka buga akwai yaron da zai ja maka hanya ya share sawun ƙafa daga ƙwallonka zuwa rami. A burawun ƙwallo ba ta tsalle, inda ta faɗi nan take zama, kuma gangarawa miƙe ce, ka daka da ɗan ƙarfi kawai. Girin na ciyawa wani karatu ne daban, sai ka duba gangaren ƙasa, ka duba inda ciyawar ta kwanta, da safe raɓa ta sa ta yi nauyi da rana ta bushe ta yi santsi, ramin nan da faɗinsa bai wuce inci huɗu da kwata ba sai ka zagaya shi sau uku kana kallo. Don haka kai da za ka fara a kan ciyawa ka ba fota rabin lokacin atisayenka, ba wasa nake ba, kusan kashi 40 cikin 100 na bugun mutum a zagaye da ita ake yi amma ka je filin atisaye ka gani, kowa direba yake ta zabgawa.

A Abuja babban fili shi ne IBB da ke Maitama ta wajen Aso Drive, rami 18, an buɗe shi a 1991. Yana da kyau ƙwarai, itatuwa, tafkuna, hawa da sauka, kuma maganar kadoji a cikin ruwan gaskiya ce ba almara ba, ƙwallon da ta faɗa ruwa ka yafe ta, ka ɗauki hukuncin ƙarin bugu ɗaya ka ci gaba. Akwai kuma filin TYB na sojoji. Ba sai ka zama mamba ba kafin ka taɓa bugawa, ka samu ɗaya daga cikin ogogin naka ya shigo da kai a matsayin baƙo ka biya kuɗin rana, in ka yi haka na wani lokaci ka ga abin ya zauna maka sannan ka yi maganar rajista, don kuɗin shiga da na shekara ba ƙanana ba ne. Kuma ka lissafa da kuɗin kadi mai ɗaukar jaka da ɗan abin da za ka ƙara masa da ruwan sha da mai, waɗannan ƙananan su ne ke cin aljihu a hankali.

Kadi, wato mai ɗaukar maka jaka. Kar ka raina shi don Allah. Da ɗan gari akan ci gari, yaron nan kullum yana cikin filin, ya san inda ƙasa ta karkata, ya san ramin da iska ke yaudara, da yawansu in aka ba su sanda sai su ba ka rata su cinye ka, kuma akasarin ƙwararrun 'yan wasan ƙasar nan daga ɗaukar jaka suka taso. Ka samu guda ɗaya ka riƙe, ka riƙa biyansa da kyau, in ya ce ɗauki 6 kar ka ce 8. Abu ɗaya dai za ka hana shi tun ranar farko: gyara maka ƙwallo da ƙafa a cikin ciyawa, ko ya "tsinto" wadda ta ɓata alhali daga aljihunsa ta fito. Suna yi ne don su faranta wa oga rai, amma sunanka ne ke ɓaci ba nasa ba, kuma a kulob magana ba ta ɓuya.

Wannan ya kawo ni kan gasa, inda ni a ganina nan daɗin yake. Kafin ka shiga kowace gasa sai kana da handikaf, wato ratar da ake ba ka gwargwadon ƙarfinka don mai rauni ya iya karawa da gwani. Tun 2020 tsari ɗaya ake bi a duniya: za ka miƙa katunan rami 54, zagaye uku kenan, da sa hannun wanda ya buga tare da kai, a fitar maka da lamba, mafi yawa 54. In katunanka sun kai 20 sai a riƙa ɗaukar takwas mafi kyau a cikin na ƙarshe 20 a fitar da matsakaici. Kowane rami yana da bugun ƙa'idarsa, uku ko huɗu ko biyar, jimla yawanci 72. Mai rata 18 yana da ƙarin bugu ɗaya a kowane rami, to in ya gama rami mai huɗu da bugu biyar ya yi daidai kenan.

Gasa iri-iri ce. Akwai medal na wata-wata inda kowane bugu ake ƙirgawa har ƙwallo ta shiga, wannan ba ya yafiya, rami ɗaya ya lalace maka ranar ta tafi. Sabon shiga Stableford ya fi masa, maki ake tarawa, ka yi daidai da ƙa'ida bayan an cire ratarka maki biyu, ka wuce da ɗaya maki ɗaya, ka rage ɗaya maki uku, in ramin ya ƙi sai ka ɗauke ƙwallonka ka wuce ba ka rasa komai ba sai wannan ramin. Maki 36 yana nufin ka buga daidai ƙarfinka. Sai kuma na gaba da gaba, kai da mutum ɗaya ko biyu da biyu, rami-rami ake ci, shi ake yi in kulob ya ziyarci kulob, kuma shi na fi so saboda ko ka yi bugu tara a rami ɗaya rami ɗaya kawai ka bayar. Mu da abokai muna da ɗan lig namu na rani, duk Asabar a tara maki, a zubar da makonni mafi muni na kowa saboda masu tafiye-tafiye, a ƙarshe a yanka rago. Tunda muka fara ba wanda ke son fashi, har wanda da sai an yi ta kiransa a waya yanzu shi ke riga kowa zuwa.

Ciwon kan lig ɗaya ne, ɓarayin handikaf. Mutum yana iya bugun 14 amma ya ƙi miƙa katunansa masu kyau ya zauna a 24, ranar da aka sa firiji ko talabijin a matsayin kyauta sai ya zo da maki 45 yana murmushi. A wani kulob da na taɓa bugawa sai da aka kusa dambe a wajen raba kyauta kan wannan. Akwai kuma masu akasin haka, masu rage lamba don a ce su gwanaye ne, waɗannan kansu kawai suke cuta sai in an haɗa ku ƙungiya ɗaya. Kai dai ka miƙa kowane kati, mai kyau da mara kyau, lambar za ta sauko da kanta.

Dokoki kaɗan da za su fisshe ka kunya: neman ƙwallon da ta ɓata minti uku ne tun 2019, da biyar ne, tsofaffi har yanzu suna musu a kai. In za ka saki ƙwallo daga daidai gwiwa ake saki ba kafaɗa ba. In kana zargin ta ɓata ko ta fita iyaka ka sanar ka buga ta wucin gadi tun daga nan, kar ka tafi ka dawo. Ba a magana ko motsi in wani zai buga, ba a taka layin gangarawar mutum, in ka fito daga yashi a share. Riga mai kwala, ba jins ba, ba kuma kaftani ba duk son da muke masa.

Za ka tarar ana ɗora kuɗi a kan rami, wasu kaɗan wasu kuma abin tsoro. Ni ba na shiga, caca ce a wurina, kuma in ka faɗa tun a ramin farko cikin raha ba wanda zai matsa maka. Lokaci kuma ka fi son sassafe bayan Asuba, zagaye ɗaya yana cin awa huɗu ko fiye, tafiyar ƙafa ce ta kilomita da dama, zafin Abuja a Maris da Afrilu ba irin na Jos ba ne ko kusa, ka riƙe ruwa da hula. Da damina kuma da ka ji tsawa ka ajiye sanda ka bar fili, kar ka fake ƙarƙashin itace, ko da saura rami ɗaya kuma kai ke kan gaba.