Na Ɗauki Fasinja da Janareta, Ashe na Sata Ne

Tambaya: Malam, ni direban Adaidaita Sahu ne a Kano. Wani ya tsayar da ni da safe, muka ɗora janareta, ya biya ni kuɗin mota. Daga baya aka ce satowa ya yi. Shin ina da laifi?

Amsa: Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka. Sashe na 83 na dokar hukunta laifuka ta Arewa (Final Kod), wadda ta fara aiki a 1960, ya ɗora laifin taimakawa ne a kan wanda ya taimaka da gangan, saboda haka wanda ya yi sana'arsa ta yau da kullum ba tare da sanin manufar fasinja ba bai shiga ciki ba. Sashe na 36(5) na Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ɗora nauyin tabbatar da laifi a kan mai gabatar da ƙara.

Sai dai alƙali yakan gane sani daga alamu. Da a ce da tsakar dare aka kira ka, aka miƙo janaretan ta kan katanga, aka ninka maka kuɗi, da maganar ta sauya. Idan 'yan sanda suka gayyace ka, ka tafi da lauya, ka faɗi inda ka ɗauke shi da inda ka sauke shi.