Yashin akwatin kifina ya ƙi zama wuri ɗaya

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Daga Maradi nake, ina da akwatin gilashi na ruwan gishiri, lita 200, da kifayen teku da murjani. Tun da na sa famfo mai ƙarfi yashin ya ƙi zama, kullum sai ya taru a lungu ɗaya, har yana rufe murjanin. In kwashe shi duka in zubo na gulbi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kar ka taɓa yashin gulbi, akwai laka da taki a ciki, ruwanka zai lalace. Naka ya yi laushi ne da yawa shi ya sa ruwa ke ɗibarsa, nemi aragonait, wato farin yashin da ake sa wa akwatin kifin teku, mai tsakuwa-tsakuwa, ƙwayar milimita 2 zuwa 3, ka wanke shi a bokiti sai ruwan ya fito garau.

Kuma kar ka kwashe tsohon a rana ɗaya, wannan shi ne abin da ya fi damuna, don a ƙarƙashinsa akwai dauɗar da ta daɗe, in ka tona ka ga baƙi-baƙi ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai to guba ce, tana iya kashe kifi cikin dare ɗaya, ga shi ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke tace ruwan ma a jikin yashin suke zaune. Kashe famfo, ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu na tsohon yashin da tiyo duk sati, kana auna amoniya, wato gubar da kashin kifi ke haifarwa a ruwa. Kaurin sabon yashin kar ya wuce santimita 3, bakin famfon kuma ka ɗan ɗaga shi sama.